Zabura a Bakin Rima: Tafiyata Sakkwato a Ƙarshen Bazara

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe a Sakkwato. Aikin koyarwa ne ya kai shi, ya yi ritaya, ya ƙi dawowa Zariya. Duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Ɗana, ku ba kwa zuwa sai da hunturu, lokacin da gari ya yi daɗi. Ka zo da bazara ka san garin." Bana sai ya haɗa da wani dalili da ban iya ƙi ba. Ikkilisiyarsu ta ware wata guda tana nazarin Zabura a kan ikon Allah bisa halitta, wato rana da iska da tsawa da ruwa, kuma yana so in zauna da su tunda ni ma ina koyar da ajin manya a tamu ikkilisiyar. A ƙarshen watan Mayu na shiga mota.

Daga Zariya zuwa Sakkwato kusan kilomita 400 ne, ta Funtuwa da Tsafe da Gusau da Talata Mafara. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki a shekarun nan, shi ya sa babu direban da yake so dare ya riske shi a kanta. Da sassafe ake tashi, kuma kafin mota ta motsa kowa ya yi addu'arsa, Musulmi da Kirista, babu mai jin nauyin wani. Abin da ya riƙe idona har muka isa shi ne ƙasar kanta. A Zariya ruwa ya riga ya sauka, masara ta fara leƙowa. Kafin Gusau kore ya fara ja da baya. Bayan Talata Mafara kuwa sai rairayi da jar ƙasa, aduwa da gawo nan da can, raƙuma ɗauke da kaya a gefen titi. Kogin Sakkwato a kusa da Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya shiga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, sannan ya je ya haɗu da Rima a daf da birnin Shehu. Ashe hanyarmu ɗaya da shi. Amma yawancin rafukan da muka tsallaka yashi ne zalla, yara suna tona rami a tsakiyarsu suna ɗiban ruwa da ƙwarya. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar dogon bayani a kan Zabura 126, inda mutanen suke roƙon Ubangiji ya komo da albarkarsu yadda ruwa yake komowa cikin busassun rafukan Negeb, hamadar da ke kudancin ƙasar Isra'ila. A gonaki kuma ga masu binne, suna zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa ba tare da ɗigon ruwa ya sauka ba. Iri ne da za a iya dakawa a ci yau. Suna binne shi ne don sun yarda cewa hadari yana tafe.

Da azahar muka shiga gari. Na sauka a tasha, na hau kabu-kabu, iskar da take bugun fuskata kamar daga bakin tanda take fitowa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 kusan kullum, kuma dare ba ya kawo sauƙi sosai, domin bangon ɗaki yakan riƙe zafin rana har tsakar dare. A tsakar gida kowa yake kwana. Matar Kawu ta tarbe ni da fura da nono mai sanyi, ta ce, "Sha ka huta, ɗan nan, gaisuwa sai rana ta yi sanyi." Na ga hikimar maganar. Daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu garin yakan lafa, 'yan kasuwa su fake a ƙarƙashin dogon yaro, karnuka ma su nemi gindin randa.

Kiristoci kaɗan ne a birnin, kuma akasarin waɗanda na zauna da su daga ƙasar Zuru suke, da kudancin Kaduna, da Filato, sai tsirarun Hausawa irinmu. Da Hausa ake sujada, da ita ake nazari. Saboda kwanon rufin majami'ar ya ɗauki zafi, sai aka fito da bencuna waje bayan magariba, aka kafa fitila mai caji a kan tebur. Fasto ya fara da Zabura 19, wajen da aka kwatanta rana da ango mai fitowa daga ɗakinsa, aka ce babu abin da yake ɓuya daga zafinta. Sai wata mama daga zumuntar mata ta ce, "Fasto, wannan kam mun shaida." Aka yi dariya, amma da aka zo Zabura 121, inda aka yi alkawari cewa Ubangiji inuwa ne a hannun damanka, rana ba za ta buge ka ba, sai wurin ya yi tsit. Na sha karanta wannan aya a Zariya, kuma a matsayin salon magana na ɗauke ta. A nan akwai waɗanda suka binne tsofaffinsu a bazara, akwai uwayen da suke kwana suna yi wa jarirai fifita saboda tsoron sanƙarau. Inuwa a wurinsu magana ce ta rai da mutuwa.

Zuciyar nazarin wannan daren Zabura 29 ce, kuma Fasto ya yi aikinsa da kyau. Ya sa muka ƙirga, muka samu an ambaci muryar Ubangiji sau 7. Ya nuna mana cewa zaburar tana bin hadari ne ƙafa da ƙafa. Yana tasowa daga kan manyan ruwaye, wato Bahar Rum, ya hau duwatsun Lebanon yana kakkarya itatuwan al'ul, ya sa Siriyon, wanda shi ne dutsen Harmon, ya yi tsalle kamar ɗan bauna, ya tsaga sama da harsunan wuta, ya wuce har ya girgiza jejin Kadesh. A ƙasar Isra'ila daga yamma hadari yake zuwa, kuma da sanyi suke samun ruwa, tsakanin Oktoba da Afrilu. Mu namu daga gabas yake haɗowa, da zafi, shi ya sa duk Bahaushe in ya ji iska ta canza gabas yake fara duba. Fasto ya kuma ba mu tarihi kaɗan. Kan'aniyawa maƙwabtan Isra'ila suna da gunki mai suna Ba'al da suke ɗauka shi ne mai tsawa da ruwan sama, kuma allunan yumɓu da aka fara tonowa a Ugarit, a bakin tekun Siriya, tun daga 1929 sun nuna irin kirarin da suke yi masa. Manomin Isra'ila da ruwa ya makara masa yana da jarabar ya je ya gwada Ba'al a ɓoye. Zaburar tana ce masa ne: tsawar nan da kake ji tana da mai ita, kuma ba Ba'al ba ne.

Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata, domin kakannina na wajen uwa, kafin bishara ta iso ƙauyensu, a gindin tsamiya suke yanka baƙin bunsuru in damina ta yi jinkiri. Kawu ya tarar da tsofaffin da suka yi wannan. Ya ce ba wawaye ba ne, mutane ne masu 'ya'ya da rumbun da ya kusa ƙarewa. Abin da Zabura ta ba su shi ne suna ɗaya da za su kira, maimakon iskoki goma da kowannensu yake da fushinsa da farashinsa.

Washegari Kawu ya ce sai na ga ruwan da garin yake rayuwa a kansa. Mun fara bi ta cikin tsohon gari, na ga fadar Sarkin Musulmi daga waje, na ga hanyar Hubbare inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, mutane daga nesa suna shiga ziyara. Daga nan muka kama hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka sauka Kwalkwalawa, a bakin kogin Rima. Mutum ba zai yarda ba sai ya gani. Ka bar farin rairayi a bayanka, ka gangara, sai ga fadama kore shar, rake da shinkafar rani da kayan lambu, injinan ban ruwa suna ta kuka, buhunan albasa jibge a bakin titi, masunta suna gyaran koma. Ruwan saman da yake sauka a Sakkwato a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin wannan kwari ne yake riƙe da jama'a. Nan take Zabura 104 ta faɗo mini, inda aka ce shi ne yake sa maɓuɓɓugai su gudana cikin kwaruruka, jakunan jeji su kashe ƙishi, tsuntsaye su yi sheƙa a gefen ruwa. Har shamuwa tana cikin wannan zabura, kuma ga ta nan ta riga ta iso, tana ɗinkin sheƙa a kan wata bishiya. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san in shamuwa ta zo damina ta kusa.

Kawu yana da aboki a wurin, wani dattijo manomin albasa, Musulmi, wanda suka saba tun Kawu yana koyar da 'ya'yansa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka saro mana rake. Da Kawu ya gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce ai Zabura littafin Annabi Dawuda ne, babu Musulmin da bai san sunanta ba. Sai ya nuna kogin da haɓarsa ya ce, "Malam, ruwan ga da kaka gani kwance, kak ka raina shi."

Labarin 2010 yake nufi. A ƙarshen damina ta wannan shekarar ruwa ya yi yawa a saman Rima, har madatsar Goronyo ta cika maƙil, a watan Satumba aka buɗe ƙofofinta. Rima ba ruwan Sakkwato kaɗai take ɗaukowa ba. Na Zamfara yana shigowa cikinta, na Katsina ma, har da Gulbin Maraɗi da yake ratsawa ta Nijar ya dawo. Duk ya taru ya gangaro. Ƙauyuka sun nutse, gonaki sun tafi ana daf da girbi, ruwa ya yanke hanyar jami'a ya tafi da gada. Dattijon ya ce, "Bisa tudu munka kwana, mu da diyanmu da bisashenmu. Shinkafa, gero, rumbu, duk yat tahi da su." Na tambaye shi yadda zuciyarsa ta ɗauki abin. Ya yi shiru kaɗan, ya ce mai ruwa ne ya aiko da ruwansa, kuma shi ya janye shi, amma wannan ba ya hana a tambayi waɗanda aka ba amanar madatsa, ba ya kuma hana mutum ya yi hankali da inda zai kafa gida. Bayan ruwan ya janye, in ji shi, ya bar musu laka mai kyau, albasar ranin da ya biyo ta yi albarka. Bai faɗi wannan don ya rage zafin abin da ya faru ba. Duka biyun ya gani, duka biyun ya faɗa.

Da muka zauna nazari na gaba sai ga maganar ta biyo mu. Zabura 104 ake karantawa, aka zo aya ta 9, inda aka ce Ubangiji ya sa wa ruwaye iyakar da ba za su ƙetare ba. Wata ɗalibar jami'a, mai karatun labarin ƙasa, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baba Fasto, a yi mini haƙuri, ina da tambaya biyu. In an sa wa ruwa iyaka, ina iyakar take a 2010? Na biyu, mu an koya mana yadda damina take zuwa. Iska mai laima tana tasowa daga tekun Atlantika, ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara, inda suka haɗu yana matsowa arewa, hadari ya haɗu. To ina muryar Ubangiji a ciki?"

Wani dattijo ya fara gyaran murya alamar zai tsawata mata. Fasto ya ɗaga masa hannu, kuma na gode masa a raina, domin ikkilisiyar da take kashe irin wannan tambaya tana korar 'ya'yanta ne da hannunta. Ta biyun ya fara amsawa. Ya buɗe Zabura 135 aya ta 7, inda aka ce Ubangiji yana tayar da gizagizai daga ƙarshen duniya, yana yin walƙiya domin ruwa, yana fito da iska daga rumbunansa. Ya ce marubucin ya lura girgije daga nesa yake tasowa, iska ce take koro shi. Sanin hanyar da abu yake bi ba ya kawar da wanda ya shata hanyar. Ya ce mata ta yi karatunta da kyau, domin Zabura 104 kanta aikin mai lura ce, wanda ya san lokacin da zakoki suke fita da lokacin da suke komawa, ya san inda remaye suke ɓuya.

Ta farkon ce mai nauyi, kuma ba a gama da ita a daren ba. Kawu ya ce ayoyi na 6 zuwa 9 na Zabura 104 maganar halitta suke yi, lokacin da aka raba tudu da ruwa, alkawari ne cewa duniya ba za ta koma teku ba, ba alkawari ba ne cewa kogi ba zai taɓa cika ya batse ba. Wani ya kawo Zabura 107, inda aka ce Allah yakan mai da koguna hamada saboda muguntar mazauna ƙasar, ya ce wataƙila ambaliya horo ce. Nan na sa baki, domin wannan hanya ce mai santsi. Gaskiya ne Littafi ya ce zunubin al'umma yana iya lalata ƙasa, kuma muna gani da idonmu: a sare itatuwa a yi gawayi, a toshe magudanar ruwa da shara, a sayar da fili a kan hanyar ruwa. Amma wanda ya nuna talakan da rumbunsa ya tafi ya ce laifinsa ne ya jawo masa, ya manta da abin da Yesu ya faɗa a Luka 13 game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ya manta kuma da Matiyu 5, cewa rana da ruwa a kan mai adalci da marar adalci suke sauka.

Abin da na gani a zaburorin nan, zaune a wannan benci, shi ne ba su taɓa cewa halitta mai laushi ce ba. Zabura 93 ta yarda koguna suna ta da murya suna ruri, abin da ta ƙara kawai shi ne Ubangiji ya fi su ƙarfi. A Zabura 69 mutumin yana kuka ne ruwa ya kai masa wuya, ƙafarsa tana nutsewa cikin laka. Ba a goge wannan kuka daga littafin ba, an mai da shi waƙar sujada. Zabura 29 ɗin ma da ta kakkarya itatuwa, a aya ta 10 ta ce Ubangiji yana zaune a kan kursiyinsa bisa rigyawa, a ta 11 ta roƙa wa jama'arsa ƙarfi da salama. Ni na fi amincewa da littafin da ya san ambaliya kuma yake da wanda zai kai wa ƙara, a kan wa'azin da yake yi wa mutane alkawarin damina mai kyau kowace shekara in sun ba da baiko. Mamar nan ta zumuntar mata ce ta rufe zancen. Ta ce ita ta ga farin 1984 tana budurwa, ta ga mutane suna tona gidan tururuwa suna neman hatsi, kuma addu'ar da mahaifiyarta take yi a lokacin ba ta ladabi ba ce, faɗa take yi da Allah kamar yadda Dawuda yake yi. Ɗalibar ta rubuta wani abu a littafinta. Fuskarta ba ta nuna ta gamsu gaba ɗaya ba, kuma ban ga laifinta ba.

A kwanakin gari ya matsu da jiran ruwa. Maƙwabtan Kawu suna maganar fita sallar roƙon ruwa, mu ma a kowace addu'ar rufewa sai an roƙa. Sai wani dare, muna kwance a tsakar gida, iska ta tsaya cak. Matar Kawu ta tashi zaune ta dubi gabas ta ce, "Ku kwashe tabarmi." Can ƙasa walƙiya take wasa, cida tana tafe a hankali. Ƙura ce ta fara isowa, ja wur, ta rufe fitilun unguwa, ta shiga ido da baki, wuta ta ɗauke, kwanukan rufi suka fara kaɗawa. Sannan aradu ta faɗi, wadda na ji har cikin haƙorana, ruwa ya tsuge. Yara suka fito tsirara suna ihu a cikinsa, manya suna jera bokitai da bahuna a bakin indararo, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Kawu yana tsaye a ƙofar ɗaki, ruwa yana fesa masa, yana karanto Zabura 65 da ka, wajen da aka ce Allah yakan ziyarci ƙasa ya shayar da ita, ya jiƙe kunyoyinta, ya tausasa ta da yayyafi, ya sa wa tsironta albarka.

Da gari ya waye duk wanda yake da gona ya kama hanya da sungumi da ƙwaryar iri, domin ruwan ya yi shuka. A wannan daren kuma iskar ta yaye rufin wata gwauruwa a bayan layinsu, katangar wani gida ta zube, kwatar unguwa da ledoji suka toshe ta mayar da ruwa cikin zauruka. Matasan ikkilisiya da samarin unguwa suka haɗu, wasu a kan rufi da guduma, wasu a cikin kwata da shebur. Babu wanda ya tambayi addinin gwauruwar. Fasto ya zo da kansa ya naɗe wando, ya ce Zabura 104 ɗin da ta ce Allah yana tsiro da ciyawa ita ce ta ce a aya ta 23 mutum yakan fita aikinsa har yamma. Ɗalibar nan ma tana wurin, tana nuna wa samari inda ya kamata a buɗe wa ruwa hanya don kada ya sake komawa gidaje, kuma sun bi maganarta.

Na baro Sakkwato da buhun albasa daga dattijon Kwalkwalawa da kilishi daga matar Kawu. Bayan na isa gida Kawu ya kira ni ya ce sun shiga Zabura 77, inda aka ce hanyar Allah ta bi ta cikin teku amma ba a ga sawunsa ba, kuma ɗalibar ta sake zuwa da wata tambayar da ta hana su tashi da wuri. Ya ce in shirya abin da zan faɗa a kai, zai sa ni a waya ranar Laraba su ji.